Yumɓu da Gubar Ƙarafa a Cikin Ruwa: Abin da Zai Iya da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

Tun kaka da kakanni, da ido da hanci da harshe muke auna ruwa. In ya yi garau, ba wari, ba ɗaci, sai a cika randa. In ya yi dagwalo, a jefa masa alif ko garin ƙwallon zogale, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye. Wannan dabara tana maganin laka da datti da wani kaso na ƙwayoyin cuta. Amma akwai wata irin gurɓata da ba a gane ta da ido, wato ƙarafa masu guba da suka narke a cikin ruwa: dalma, da zaiba, da kadmiyam, da kuromiyam, da kuma asanik da ake lissafawa tare da su. Ruwa yana iya ɗauke da adadin da zai nakasa yaro, alhali yana nan fari tas. Tafasawa ba ta kashe dalma, don ba rai gare ta ba. Hasali ma in ruwan ya ƙone, sai gubar ta ƙara yawa a cikin wanda ya rage. Kulorin da ke kashe ƙwayar kwalara ma bai san da ita ba.

Na'urorin da ke cire irin wannan guba suna nan, sai dai suna son kuɗi, suna son wutar lantarki da ba ta yankewa, suna kuma son kayan gyara daga waje. Shi ya sa masu bincike a ƙasashe da yawa, har da jami'o'inmu, suka karkata ga yumɓu, abin da muke takawa kullum. An yi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a kai, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: yumɓu yana kama ƙarfe. Wannan gaskiya ne. Sai dai tsakanin kama ƙarfe a kwalabar gwaji da samar da ruwan da uwa za ta ba ɗanta hankali kwance, akwai tafiya mai nisa. Wace laka? Wane ƙarfe? A wane irin ruwa? In ta gama kamawa, ina za a kai ta? Wanda bai amsa waɗannan ba, bai gama magana ba.

Ta ina gubar ke shigowa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikurogiram 10 a kowace lita, haka ma asanik. Kadmiyam 3, zaiba 6, kuromiyam 50. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai ruwan duro 500 masu cin lita 200 bakin iyakar. Duk da haka hukumar ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi marar illa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke bukatar a tashi tsaye.

Mu ba labari aka ba mu ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma. A cikin gidaje ake farfasa shi da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta sauka a kan hatsi da kwanuka, sannan a je kududdufi a wanke garin. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, bincike ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar ta haura 400. A 2015 aka sake ganin irin haka a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Amma a lura da wani abu: a Zamfara ƙura da ƙasa ne babbar hanyar da gubar ta bi, ruwa ya biyo baya. Abin da ya ceci yara shi ne kankare saman ƙasar gidaje a binne ta a rami, a zubo sabuwa, a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a kuma ba yaran maganin da ke jawo dalma daga jini. Da an raba wa kowane gida matacin yumɓu aka tsaya nan, da yaran sun ci gaba da mutuwa. Duk mai tallar wata dabarar tace ruwa ya fara tabbatar da cewa ta ruwan gubar ke shiga.

A Kano kuwa ruwan ne kan gaba. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma kamfanonin fata na zamani da gishirin kuromiyam suke yi. Ruwan da ke fitowa daga Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi ta rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara. Da wannan ruwa masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da karas a lokacin rani. A Gana zaibar masu haƙar zinare ce ta addabi koguna irin su Pra da Ankobra. A Bangaladash kuma ba kamfani ba ne, ba mahaƙa ba ne: rijiyoyin burtsatse da aka haƙa tun shekarun 1970 don a tsira daga gudawa su ne suka zuƙo asanik daga cikin ƙasa, miliyoyin mutane suka yi shekaru suna sha. An gudu ba a tsira ba. Matsalolin nan sunansu ɗaya, amma kowace da halinta, kuma yumɓu ba ya yi musu aiki iri ɗaya.

Yadda yumɓu ke kama ƙarfe

Tun wajen 1850 wani masanin sinadarai a Ingila, Thomas Way, ya nuna cewa in aka zuba ruwan taki ta cikin ƙasa, ƙasar kan riƙe wani sinadarin ta saki wani a madadinsa. Wannan musaya ita ce tushen maganar gaba ɗaya.

Ƙwayar yumɓu ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, kuma falle-falle take, shimfiɗar silika a kan shimfiɗar alminiyam. A lokacin da yumɓun ke samuwa, wani zubin maganiziyam kan zauna a gurbin alminiyam, ko alminiyam a gurbin silikon. Da yake cajinsu ba ɗaya ba ne, sai fallen ya wayi gari da cajin negetib na dindindin. Dalma da kadmiyam da tagulla da tutiya, in sun narke a ruwa, cajin fozitib suke ɗauka. Duk mai gyaran batir ya san waɗannan biyu janyo juna suke yi. Kafin ƙarfen ya iso, sodiyam ko kalsiyam ne ke zaune a guraben. Da dalma ta zo sai ta ture su ta zauna. Akwai kuma gefunan fallen, inda ƙarfe ke maƙalewa da ƙarfi fiye da na musaya, ko da yake guraben can ba su da yawa.

Abin ya yi kama da motar haya a tasha: kujerunta ƙidayayyu ne, mai ƙarfi kan ture marar ƙarfi, in fasinja suka yi yawa wanda kake so ya shiga yana iya rasa wuri, in kuma ta cika ta cika.

Yawan guraben ya danganta da irin yumɓun. Farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, irin ta Ƙanƙara a Katsina da ta Alkaleri a Bauchi, fallayenta a manne suke, ruwa ba ya shiga tsakaninsu, sai bayanta kawai ke aiki. Ƙarfin musayarta bai wuce 3 zuwa 15 a ma'aunin da masana ke amfani da shi ba. Bentonait kuwa, irin wanda ake samu a Pindiga ta Gombe da wasu sassan Yobe da Barno, fallayensa buɗewa suke yi ruwa ya ratsa, ƙarfinsa ya kai 80 zuwa 150. Faɗin fuskar giram ɗaya nasa yana iya kai murabba'in mita 600 zuwa 800, alhali na farar ƙasa bai fi 10 zuwa 20 ba. Danginsa ne ke cikin baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, mai dardarewa da rani ta kumbura da damina. A lissafin takarda, kilo ɗaya na bentonait mai kyau yana da gurbin dalma kusan giram 100, na farar ƙasa kuwa wajen giram 10. Saboda haka in an ce "yumɓu yana tace ruwa" ba a faɗi komai ba tukuna, sai an faɗi wanne.

Amfani da laka wajen gyara ruwa ba baƙon abu ba ne a Afirka. Mata a ƙauyukan Jazira da bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna dama wata laka da suke kira rawwaƙ a cikin ruwan kogi don ya kwanta, kuma da aka bincika sai aka tarar akwai bentonait a cikinta. Wata masaniya mai suna Samia Al Azharia Jahn ta yi rubutu mai yawa a kan wannan al'ada da ta ƙwallon zogale. Amma burin matan shi ne ruwa ya washe. Cire narkakken ƙarfe har ya sauka ƙasa da maikurogiram 10 wani aiki ne daban.

Inda gizo ke saƙa

Ga yadda yawancin gwaje-gwajen ke gudana. Ɗalibi zai haƙo laka, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe. Zai samo ruwan da aka tace shi tas, ya narka gishirin dalma kaɗai a ciki, a ce miligiram 50 a lita. Zai zuba giram ɗaya na garin lakar a kwalaba, ya ɗora a kan na'urar jijjiga na awa ɗaya ko biyu, ya tace da takarda, ya kai a auna. Sakamako ya fito: an cire kashi 99 cikin ɗari. Abin sha'awa ne, sai dai a yi lissafi. Kashi ɗaya da ya rage daga miligiram 50 shi ne maikurogiram 500, wato ninki 50 na iyakar ruwan sha. Ruwan da aka ce an cire masa kashi 99 har yanzu guba ne. Kuma ragowar nan ta ƙarshe ita ta fi wuyar kamawa. Adadin da ya rage a ruwan shi ne abin dubawa, ba kason da aka cire ba.

Na biyu, ruwan rijiya da na kwata ba irin na kwalabar ɗalibi ba ne. Cike suke da kalsiyam da maganiziyam da gishiri, sau da yawa ninkin dalmar sau dubbai, kuma duk suna neman gurabe ɗaya. Ruwan kamfanin jima ya fi kowanne muni a nan, domin akwai gishirin da aka adana fata da shi, ga maiƙo, ga ruɓaɓɓen nama da gashi, waɗanda ke lulluɓe fuskar yumɓun ko su riƙe ƙarfen su hana shi sauka.

Na uku, tsamin ruwa. In ruwa ya yi tsami sosai, kamar wanda ke tsiyayowa daga wasu ramukan haƙar ma'adinai, sai yumɓu ya yi sanyi, musamman gefunansa. Mafi muni, lakar da ta kama dalma jiya tana iya sakinta yau in ruwa mai tsami ya bi ta kanta. Yawancin ƙarafan nan sun fi kamuwa idan ma'aunin tsami na pH yana wajen 5 zuwa 7.

Na huɗu, ba kowane ƙarfe ke da cajin fozitib ba. Asanik yakan zo da cajin negetib ko ma babu caji sam. Kuromiyam iri biyu ne: mai lamba uku, wanda ake jima da shi, fozitib ne, yumɓu yana kama shi, mai lamba shida, wanda ya fi guba har yana jawo ciwon daji, negetib ne, fuskar yumɓu tunkuɗe shi take yi. Abin da ke riƙe asanik da kyau shi ne tsatsar ƙarfe. Shi ya sa matacin SONO da Abul Hussam ya ƙera wa Bangaladash, wanda ya ci kyautar Grainger ta dala miliyan ɗaya a 2007, ya dogara da ƙarfe da yashi da gawayi da ɓaraguzan bulo, ba ɗanyen yumɓu ba. A wurinmu jar ƙasa da marmara, masu yawan tsatsa, sun fi farar ƙasa dacewa da wannan aiki.

Na biyar, halin da ya sa bentonait ya yi fice shi ne kuma aibinsa. Da ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe, ko ɗigo ba ya wucewa. In kuma aka dama shi a ruwa, ƙwayoyinsa kan daɗe suna yawo ba su kwanta ba, wanda ya sha ruwan ya sha laka da dalmar da ta kama. Dole sai an haɗa shi da yashi, ko a mulmula shi ƙwallo-ƙwallo, ko a bi shi da alif don ya kwanta.

To a gasa shi mana, kamar tukunya? Nan ma da sauran rina a kaba. Wuta mai zafin digiri 500 zuwa 600 tana rusa tsarin farar ƙasa, fallayen bentonait kuma su manne har abada. Gasasshen yumɓu ya rasa yawancin gurabensa, don haka randa tana sanyaya ruwa amma ba a dogara da ita ta cire dalma. Matacin tukunya da Fernando Mazariegos ya ƙirƙira a Gwatemala a 1981, wanda ƙungiyar Potters for Peace ta yaɗa a duniya, gwani ne wajen tare ƙwayoyin cuta, amma ba don ƙarafa aka yi shi ba. A Kambodiya ma an samu irin waɗannan tukwane suna sakin asanik a farkon amfani da su, daga jikin lakar da aka gina su da ita.

Laka ma tana zuwa da kayanta

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Yumɓu bai fara kama ƙarfe ranar da aka kai shi ɗakin gwaji ba. Shekaru dubbai ya yi yana kama duk abin da ya ratsa ta wurin da yake kwance. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata masu ciki a kan cin farar ƙasar da ake kira nzu, saboda an samu dalma da asanik da yawa a ciki, hukumomin Birtaniya ma sun yi irin wannan gargaɗi. Mu ma mun san masu ciki da ke kwaɗayin farar ƙasa. Ashe ke nan shawarar "ku ɗebo laka ku zuba a ruwanku" tana iya zama ganganci, musamman a yankin da ake haƙar ma'adinai, inda lakar kududdufin ita ce ma'ajiyar gubar.

Sannan yumɓu ba ya hallaka ƙarfe, wuri kawai yake sauya masa. Lakar da ta ƙoshi da dalma ta zama shara mai guba. In aka watsar da ita bayan gida, ta bushe, iskar hunturu ta kwashe ta, an dawo da matsalar Dareta da hannu. Akwai masu ba da shawarar a zuba ta a kwaɓin siminti ko a gasa bulo da ita, kuma hakan yana ɗaure dalma da kadmiyam daidai gwargwado. Amma gashi yana da nasa haɗarin: zaiba tashi take yi ta bi iska, kuromiyam mai lamba uku kuma yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba shida in an gasa shi da iska tare da laim. Kowace shara da irin binnewar da ta dace da ita.

Ina ne gurbin yumɓu?

Duk wannan ba ya nufin a yar da maganar. Ana ƙara wa yumɓu ƙarfi ta hanyoyi da dama. Yawancin bentonait ɗinmu mai kalsiyam ne, akan gauraya shi da soda, dangin sinadarin da ke cikin kanwa, don ya ƙara buɗewa. Akan wanke laka da asid don faɗin fuskarta ya ƙaru, ko a shafe ta da tsatsar ƙarfe don ta iya kama asanik. A 2013 wasu masana daga Nijeriya da Jamus, ƙarƙashin jagorancin Emmanuel Unuabonah, suka wallafa aikin da suka haɗa farar ƙasa da ƙwallon gwanda, haɗin ya fi farar ƙasar zalla kama dalma da kadmiyam nesa ba kusa ba. Sai dai kowane ƙari yana ƙara tsada, kuma arha ita ce hujjar yumɓu tun farko. Dole a riƙa kwatanta shi da gawayi da laim, a ga wanne ya fi sauƙi a kan kowace lita.

A ganina, gurbinsa na gaskiya yana can inda gubar ke fitowa, ba a bakin randa ba. A kamfanin jima, matakin farko shi ne a ware ruwan kuromiyam daga sauran, a zuba masa laim ko maganiziya, kuromiyam ɗin ya kwanta a kwashe shi a sake jima da shi. Wannan tsohuwar dabara ce, kuma tana rage wa mai kamfani kuɗin sayen sinadari. Bayan nan ne tafkin yumɓu zai kama ragowar kafin ruwan ya fita. A wurin wankin zinare, a keɓe kududdufi nesa da gari, a daɓe ƙasansa da bentonait, a hana dabbobi da yara kusantarsa. A nan toshewar da ta hana shi zama mataci ita ce amfaninsa. Da shi ake daɓe ramukan binne shara mai guba a ƙasashe da yawa, kuma a Onkalo ta Finland, inda aka haƙa ma'ajiyar sharar nukiliya fiye da mita 400 a ƙarƙashin ƙasa, da bentonait aka tsara lulluɓe tukwanen tagullar da za su riƙe ta.

Ga ruwan sha kuwa, in rijiya ta gurɓace da ƙarfe, abin da ya fi shi ne a rufe ta a nemi wata. In babu yadda za a yi, to a yi matatar unguwa guda wadda wani ke kula da ita, ana auna ruwanta a kai a kai, ana sauya lakarta kan lokaci, ana kuma da ramin da aka tanada don tsohuwar. Dalili kuwa shi ne matacin da ya cika ba ya nuna alama. Ruwan zai ci gaba da fitowa garau, mutane su ci gaba da sha da natsuwar da ba ta da tushe, wanda ya fi rashin matacin haɗari.

Saboda haka aikin da ke gaban jami'o'inmu ba ƙarin gwajin kwalaba ba ne. Su ɗebo ruwan Getsi da na Challawa yadda yake, su gwada lakar Pindiga da ta Ƙanƙara a kansa wata da watanni, su faɗi maikurogiram nawa ya rage, lita nawa kilo guda ke tacewa kafin ya cika, nawa ne kuɗinsa, kuma ina aka kai sharar. Hukumomi kuma su samar da wuraren awon ruwa da na jinin yara a jihohin da ake haƙar ma'adinai, su tilasta wa kamfanoni bin dokokin da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta riga ta shimfiɗa a kan ruwan da masana'antu ke saki. Laka muna da ita har ta yi yawa. Awo da bin doka ne suka yi mana ƙaranci, kuma in babu su, ba wanda zai iya rantsewa cewa ruwan da ya bi ta yumɓu ya fi wanda bai bi ba.